Kafin a Sauke Inji: Yadda Ake Gano Ƙwanƙwasa da Misin a Mota

Motocin da ke zirga-zirga tsakanin Bana, Gaya, Kamba da Dosso, yawancinsu ba a nan suka fara rayuwa ba. Sun yi shekaru a titunan Turai ko Amurka, aka lodo su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, suka hauro ta Parakou da Kandi, suka ƙetaro gadar Malanville. An ƙera su ne don tataccen mai da iska mai sanyi, sai ga su a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu ke toshe filtar iska, man kuma sau da yawa daga jarka ake ɗura shi. Tun da aka rufe gadar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan gyaran da ake samu a da cikin sauƙi daga Kwatano sun ƙara tsada da wuyar samu. Saboda haka idan aka yi kuskuren gano ciwon mota a gareji, mai ita ne zai sha asarar, kuma asara ce mai nauyi.

Koke biyu ne suka fi yawa a bakin direbobi: "injina yana ƙwanƙwasa" da "motata tana misin". Amsar da suke yawan samu kuwa ita ce, "Alhaji, sai an sauke inji." Wani lokaci gaskiya ce. Amma sau da yawa abin da ke damun motar bai wuce fulogi ɗaya ba, ko tanki ɗaya na gurɓataccen mai, ko tiyo da ya tsage. Injin da aka buɗe a fili, iska na kaɗa yashi cikinsa, ba ya komawa yadda yake. Don haka ra'ayina shi ne kada a kwance ƙusa ko ɗaya a jikin inji sai kunne da ido da gwaji sun nuna inda matsalar take, kuma a fara da abu mai arha kafin a kai ga mai tsada.

Abin da ke gudana a cikin silinda ba shi da wuyar fahimta. Fistan ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta, ƙarfin ƙonewar ya tura fistan ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ana son kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur. A yawancin injuna masu silinda huɗu, wutar tana bin jerin 1, 3, 4, 2. Misin shi ne silinda ya zo lokacin aikinsa bai ƙona man ba. Ƙwanƙwasa kuwa iri-iri ce: ko dai man ya fashe a lokacin da bai kamata ba, ko kuma ƙarfe yana dukan ƙarfe saboda wani abu ya cinye. Raba waɗannan biyun shi ne aikin farko, domin ɗaya canjin mai zai iya kashe shi, ɗayan kuwa yana iya fasa inji kafin ka isa gari na gaba.

Tun kafin a ɗaga murfin inji, bakanike na ƙwarai yakan zauna da direba ya yi masa tambayoyi. Yaushe ka fara jin ƙarar? A ina ka sha mai na ƙarshe? Da sanyin safiya take yi ko bayan inji ya ɗumama? A tsaye take yi ko sai an ɗora kaya? Motar ta taɓa tafasa kwanan nan? Ka ratsa ruwa da ita? Amsoshin nan kaɗai sukan rage rabin aikin. Kai ma direba ka riƙe su a ka, ka faɗe su yadda suke. Ɓoye cewa motar ta tafasa a hanya ba zai rage maka kuɗin gyara ba, sai dai ya sa a ɓata kwana ana neman abin da kai ka riga ka sani.

Ƙara ta farko ita ce siririyar nan mai kama da an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ba a jin ta a silo. Tana fitowa ne idan mota ta ɗauki kaya, tana cikin babbar giya, ka danna totur, musamman a hawa ko da rana tsaka. Ka sassauta ƙafa ko ka rage giya, sai ta ɗauke. Wannan ba ƙarfe ne ya cinye ba. Man da ke gefen silinda ne yake fashewa da kansa saboda zafi da matsi, kafin wutar fulogi ta isa gare shi, sai ƙarfin fashewar ya daki kan fistan da bangon silinda. Idan ta yi sau ɗaya ta wuce, inji zai jure. Idan ta zama ta kullum, tana karya gurbin ringi, tana ƙona gaskit, tana cinye kan fistan har ya huje.

A wannan yanki wanda za a fara tuhuma shi ne man. Juriyar fetur ga matsi ana auna ta da lambar oktan, kuma idan ka duba murfin tankin motocin da suka fito daga Turai za ka ga da yawansu an rubuta 95. Fetur da aka gauraya da kananzir ko gas lambarsa tana faɗuwa ƙasa sosai, wanda ya daɗe a jarka cikin rana kuma ya riga ya rasa ɓangarensa mai saurin kamawa. Shekaru da dama garuruwan bakin iyaka sun dogara da man da ake shigowa da shi daga Nijeriya, wanda a Nijar ake kira ruwa-ruwa, duk da akwai matatar SORAZ a Damagaram tun 2011. Cire tallafin mai da aka yi a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023 ya rage ribar wannan kasuwa, kuma inda riba ta ragu, sha'awar gauraye takan ƙaru. Ba kuma man jarka kaɗai ke zuwa da matsala ba: a farkon 2022 an shigo Nijeriya da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, kuma ta gidajen mai ya isa tankunan mutane.

Gwada man ba ya buƙatar kayan aiki. Ka ɗebi kaɗan a farar kwalba mai tsabta, ka ajiye ta a inuwa na 'yan mintoci. Idan akwai ruwa, zai kwanta a ƙasa ka gan shi a fili, haka ma laka da tsatsa. Sannan ka ɗiga ɗigo biyu a farar takarda. Fetur mai kyau zai bushe ya bar takardar kusan yadda take, wanda aka haɗa da kananzir ko gas zai bar tabon maiƙo. Ka yi wannan nesa da wuta da taba. Idan man ne, a zuƙe tankin, a canza filtar mai, a zuba mai kyau, a sake gwada motar a hanyar da ta saba yin ƙarar. Kada a taɓa komai a inji sai an yi wannan.

Idan an canza mai ƙarar ba ta tafi ba, a koma kan zafi. Nan ne nake da ƙorafi a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare: da mota ta shigo sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Ƙasar nan ta kwarin Foga tun kaka da kakanni da gishiri aka san ta, kuma ruwa mai gishiri ko kanwa yana cin ƙarfe da alminiyam, yana barin datti a ƙananan hanyoyin lagireto da na kan inji. Allurar zafi tana iya nuna daidai alhali wani lungu a kan silinda ya yi zafin da zai kunna mai da kansa. Cire tamostat kuma yana sa kwamfutar mota ta daɗe tana zaton inji bai ɗumama ba, ta yi ta zuba mai fiye da ƙima, baƙin toka ya taru a kan fistan, ya rage fili, ya ƙara matsi, ƙwanƙwasar da ake gudu ta dawo ta wata ƙofa. A wanke lagireto, a duba murfinsa, a mayar da tamostat, a zuba ruwan lagireto na gaskiya. In babu, ruwan sama da aka tace ya fi na rijiya.

Saura taimin. A tsofaffin motoci masu delko, irin su Peugeot 504, Starlet da Carina E, wasu sukan juya delko gaba don mota ta ƙara ja, su saita shi da kunne. Wutar da ta zo da wuri tana samun fistan yana kan hawa, sai ta dake shi. Da fitilar taimin ake saita shi, a kan makin da kamfani ya sa. A injin Toyota 4A-FE, misali, digiri 10 ne kafin fistan ya kai ƙololuwa. Sababbin motoci ba su da wannan juyi. Suna da sansa a jikin inji mai jin ƙwanƙwasa, da ta ji sai kwamfuta ta jinkirta wuta. Abin da direba zai lura da shi a irin wannan mota shi ne ta yi nauyi, tana shan mai, ko da ba ya jin ƙara. Idan sansar ta mutu ko ɓera ya ci wayarta, na'urar bincike takan nuna P0325. Akwai kuma laifin ƙafar direba: a loda wa mota buhunan shinkafa ko rake har ta durƙusa, a sa giya biyar tana tafiya a hankali wai don a adana mai. Ba a adana komai ba, fistan da metal ne suke biya.

Ƙara ta biyu daga sama take fitowa, tik-tik-tik mai sauri, a ƙarƙashin murfin bawul. Tana bin gudun inji amma a rabin saurinsa, domin kamshaf zagaye ɗaya yake yi idan karanshaf ya yi biyu. Yawanci tazarar bawul ce ta yi yawa, ko baƙin mai bai isa sama da wuri ba. Ba ta kashe inji a rana ɗaya. A duba gejin mai, a duba kaurinsa, a saita bawul in injin mai saiti ne. Nozul ma yana da nasa tik-tik ɗin, kuma wannan lafiya ce. Gaskit ɗin bakin salansa idan ya ƙone yakan yi irin wannan ƙara da safe, ta ragu idan ƙarfe ya ɗumama, kuma za ka ga baƙin hayaƙi ya yi zane a wurin.

Ƙara ta uku ita ce abin tsoro. Mai nauyi ce, daga ƙasan inji, ƙwal-ƙwal-ƙwal, tana ƙaruwa idan inji ya yi zafi mai ya tsinke, tana fitowa sosai idan ka ɗan taka totur ka saki. Wannan metal ne, wanda a garejin Gaya za ka ji an ce kusine. Tsakanin metal da karanshaf tazarar ba ta wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na milimita ba, kuma baƙin mai ne ke cike ta don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Idan mai ya yi ƙasa, ko ya daɗe ba a yi juye ba, ko jabu ne, ko fetur ya tsinka shi, metal zai cinye, sandar fistan ta fara dukan karanshaf a kowane zagaye. Idan ka ji wannan, musamman in fitilar mai tana ƙyaftawa a silo, ka kashe inji nan take ka nemi abin da zai ja motar. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa Gaya. Kafin a kai wannan matsayi ana iya wanke karanshaf a sa metal mai kauri, 0.25 ko 0.50. Bayan sandar ta karye ta huda jikin inji, sai dai sayen wani.

Ga yadda ake tabbatarwa ba tare da an sauke komai ba. A ɗauki doguwar sukundireba, a kafa bakinta a jikin inji, a ɗora kunne a kan mariƙinta, a bi wuri-wuri: murfin bawul, gefen kowane silinda, kaskon mai. A kula da fanka da bel, a naɗe hannun riga, babbar riga kuwa a tuɓe ta gaba ɗaya. Sannan a cire soket ɗin nozul ko na kwayil ɗaya bayan ɗaya inji yana silo. Silindar da aka kashe wa wuta ƙarar ta ragu ko ta ɗauke, metal ɗin sandarsa ne. A tsiyaye baƙin mai a faranti mai tsabta a kai shi rana: ƙyalƙyalin garin ƙarfe mai ruwan jan ƙarfe ko azurfa shaida ce. In akwai gejin matsin mai, a ɗaura shi a gurbin sansar mai. Ma'aunin da makanikai suka daɗe suna bi shi ne kusan bar 0.7 ga kowane zagaye 1,000 a minti, inji yana da zafi. Fitilar da ke gaban direba ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa, saboda haka rashin kamawarta ba ya wanke inji.

Akwai masu kwaikwayon wannan ƙara, kuma sun sa an sauke injuna masu lafiya. Fistan da ya ɗan saki a silinda yakan yi ƙara da sanyi ya yi shiru idan ya ɗumama, kuma mota takan yi shekaru a haka. Kujerar inji da ta yage, ƙusoshin fulawil da suka saki, farantin kare zafi na salansa, fuli mai rawa, duk suna bugawa. A cire bel ɗin waje a tayar da inji na ɗan lokaci kaɗan: in ƙarar ta tafi, matsalar tana wajen inji, a dinamo ko famfon ruwa ko kwamfresa. Da damina kuma, motar da ta ratsa kwari ta mutu a cikin ruwa, kada a yi mata ki. Ruwa ba ya matsuwa, yunƙurin tayarwa ɗaya ya isa ya lanƙwasa sandar fistan. A cire fulogai duka, a juya inji ruwan ya fita, a canza mai da filtar iska tukuna.

Misin kuwa alamominsa ba sa ɓuya. Mota tana karkarwa a silo, tana fizga idan ka taka, bakin salansa yana fut-fut, wani lokaci da warin ɗanyen fetur. Silinda abu uku yake buƙata: wuta, mai da iska daidai gwargwado, da matsi. Ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace, kuma tambayar farko ita ce silinda ɗaya ne ko duka.

Idan motar tana da kwamfuta, a tambaye ta. Motocin Amurka tun daga 1996, da motocin fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'ura da ake haɗawa da wayar hannu ta isa ta karanta shi. P0301 na nufin silinda na ɗaya, P0302 na biyu, haka har ƙarshe. P0300 na nufin misin ɗin yana yawo, bai tsaya a wuri ɗaya ba. P0171 kuma yana cewa iska ta fi mai yawa. Sai dai lambar tana nuna inda ciwo yake ne kawai, ba ta faɗin abin da za a saya. Mai na'urar da ya karanta lamba ya goge fitila ya karɓi kuɗi bai gyara komai ba. Fitilar inji in tana kunne tsaye, ana iya kai motar gareji a hankali. In tana ƙyaftawa, ɗanyen mai yana zuba cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙi, wadda makanikan Nijeriya ke kira indomi, kuma yana wanke man da ke bangon silinda. A tsaya.

In babu na'ura, hannu ya isa. Inji yana silo, a cire soket ɗin kwayil ko na nozul ɗaya-ɗaya. Silinda mai aiki in an kashe shi, inji zai ƙara girgiza. Wanda aka cire ba a ji wani canji ba, shi ne matacce. A motoci masu wayar fulogi a yi amfani da filaya mai roba a hannu, domin wutar tana kai dubban bolt, kuma kada a bar wayar a rataye tana neman inda za ta yi tsalle.

Da an gano silindar, sai a yi musaya, wadda ita ce dabarar da ta fi kowace arha. A ce na biyu ne. A ɗauki kwayil ɗinsa a kai na uku, na ukun a kawo na biyu. In misin ya koma na uku, kwayil ne, magana ta ƙare. In bai motsa ba, a yi wa fulogi haka, sannan nozul. Abu ɗaya ake musanyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi laifi ba. Da wannan ake guje wa sayen kwayil huɗu alhali ɗaya ne ya mutu, kuma a Corolla mai injin 1ZZ-FE, inda kowane fulogi ke da nasa kwayil a kai, aikin ba ya cin minti goma.

Fulogin da aka ciro, buji a bakin mutanen Gaya, a jera su bisa tsarin silindansu a karanta. Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka, lafiya. Baƙi mai bushewa kamar gawayi, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai yana haurowa ta ringi ko ta robar bawul, abin da aka san tsofaffin 1ZZ-FE da wasu Camry masu injin 2AZ-FE da shi. Fari fat mai ƙuraje ko bakin da ya narke, zafi ya yi yawa, kuma wannan yana tafiya tare da ƙwanƙwasa ta farko. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa suna da datti, ruwa ne ke shiga silindar. A duba tazarar bakinsa, a yawancin waɗannan Toyota milimita 1.1 ce. A duba farar tangaran ɗin ko akwai siririn baƙin layi, alamar wuta tana zamewa ta gefe. In an ga baƙin mai ya taru a ramin fulogi, robar murfin bawul ce ta mutu, kuma za ta kashe sabon kwayil kamar yadda ta kashe tsohon. Jabun fulogi ma ya cika kasuwa cikin kwalin manyan kamfanoni. Wanda aka ce na iridiyam ne amma farashinsa bai wuce na talaka ba, a bar shi.

Motoci masu delko suna da nasu gwajin. Da dare a wuri mai duhu a tayar da inji a dubi wayoyin: in suna zubar da wuta za a ga shuɗin tartsatsi. A buɗe murfin delko a nemi tsaga ko danshi. Irin wannan misin ya fi tashi da damina, kuma yankin Gaya yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar.

Misin da ke yawo a duk silinda ba na fulogi ɗaya ba ne, abin da suka yi tarayya a kai za a duba. Man da kansa, filtar mai da laka ta toshe, famfon tanki da ya gaji. Yawancin waɗannan motoci suna son matsin mai kusan bar 3, kuma famfon da ya raunana yakan riƙe silo lafiya ya gaza a hawa. Tafiya kullum da tanki kusan babu komai tana kashe famfo, domin man ne ke sanyaya shi. Sai iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya: tiyon da ya tsage tsakanin filta da totur, ko gaskit ɗin manifol. Wannan ya fi damun mota a silo, ya ragu in an taka. Sai sansar auna iska da ƙurar hunturu ta rufe. Da feshin da aka yi dominta ake wanke ta, ba da fetur ko tsumma ba. Filtar iska kuma in ta huje a jefar da ita. Yashin da ya wuce ta, kai tsaye ringi zai je ya ci.

Idan wuta da mai sun wanku, misin bai bar silindarsa ba, lokacin gwada matsi ya yi. A ɗumama inji, a cire fulogai duka, a cire fiyus ɗin famfon mai, a kashe wutar kwayil, a danne totur har ƙasa, a ɗaura geji, a juya inji sau biyar ko shida a kowane silinda, a rubuta. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da bar 10 zuwa 14, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kusancinsu: kada bambanci ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wanda ya yi ƙasa, a zuba masa ƙaramin cokali na baƙin mai a sake gwadawa. In matsin ya tashi, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ya ƙone ko ba ya rufuwa. In biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Farin hayaƙi mai yawa bayan inji ya ɗumama, ruwan lagireto da ke raguwa ba tare da yoyo ba, kumfa a bakin lagireto, ko baƙin mai da ya koma ruwan madara, duk suna ƙarfafa wannan. In duka huɗun sun yi ƙasa daidai wa daida, a duba makin taimin, wataƙila bel ko sarƙa ta tsallake haƙori.

Injin gas, irin na Hiace da Hilux da ke jigilar kasuwanni, ba shi da fulogin wuta, kuma ɗan ƙwanƙwasa da safe ɗabi'arsa ce. In ta yi tsanani tare da hayaƙi, yawanci nozul ne ke ɗiga maimakon feshi, ko taimin famfo ya goce, ko gas ɗin da ruwa. A tsofaffin injuna ana sassauta ƙusar bututun nozul ɗaya-ɗaya a ji wanda ya canza ƙarar. A sababbi masu bututu ɗaya na haɗaka kada a kuskura: matsin yana kai bar 1,600 ko fiye, kuma feshinsa yana huda fata.

Idan gwaji ya nuna lalle sai an buɗe, ka nemi bakanike ya nuna maka lambobin da ya rubuta, ya faɗa maka kan inji kaɗai za a ɗaga ko har ƙasa za a sauka, domin aiki biyu ne masu kuɗi daban. A yi aikin a ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, a rufe sassan da leda. Kan injin da ya tafasa a kai shi a duba ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gaskit, a auna karanshaf kafin a sayi metal, a ɗaure ƙusoshin kai da sifana mai ma'auni bisa jerin da kamfani ya tsara. Sannan a koma a gyara abin da ya jawo ɓarnar tun farko, ko lagireto ne, ko famfon baƙin mai, ko nozul mai ɗiga, kafin a mayar da motar kan hanyar Dosso da kaya.